Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2025

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ba shi a shekarar 2025. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, ba zan maimaita shi a nan ba.

Da muka zauna tsara aikin shekara, niyyarmu ita ce mu ci gaba da abin da muka saba: laccar wata-wata ta intanet, taya matasan manazarta rubuta takardun neman tallafi, da fassara bayanan kimiyya zuwa Hausa. Ba mu yi nisa ba al'amuran duniya suka juya mana akala. Ranar 20 ga Janairu Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Afrilu harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari, Sin ta rama da kashi 125, sai da aka zauna a Jeneba cikin watan Mayu kafin aka sauko zuwa 30 da 10. A Yuli kuma Amurka ta sanar da cewa za ta fice daga UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarshen 2026. Da yawa cikinmu mun ɗauka wannan magana ce ta 'yan kasuwa da jami'an diflomasiyya. Kafin tsakiyar shekara ta iske mu har cikin ɗakunan gwaje-gwajenmu.

Shi ya sa aikin da ya fi cin lokacinmu bana ba ya ma cikin jadawalin farko. Mun buɗe teburin ba da shawara, inda duk memban da ya ci karo da matsala a kwangilar tallafi, ko odar kayan aiki, ko yarjejeniyar musayar bayanai, zai turo takardunsa a duba masa. Wata 'yar uwarmu mai nazarin cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi ce ta fara ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara uku tana tara samfurin jini, tana ajiyewa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Rana tsaka ta sami saƙo mai layi huɗu daga abokan aikinta na waje cewa an dakatar da kason kuɗin da ke zuwa wajenta. Ta ce mana ba albashinta ya fara faɗo mata a rai ba, firizar ce: wa zai biya kuɗin wuta da gyara, kuma samfuran nan na wa ne idan aikin ya tsaya? Da muka buɗe yarjejeniyar da ta sa wa hannu, babu ko layi ɗaya a kan wannan. An rubuta ta ne a lokacin da babu wanda ya kawo a ransa cewa zumunci zai iya yankewa. Alhamdu lillahi, wani ɗakin gwaji na wani membanmu ya karɓi rabin samfuran ya adana, aikin bai mutu ba, sai dai ya rage gudu ƙwarai.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Daga wannan lamari ne muka tsara takardar tambayoyin da ya kamata kowa ya yi kafin ya sa hannu: wa ke da mallakar samfuri da bayanai, me zai faru da ɗalibin digiri na uku idan kuɗi ya yanke yana tsakiyar aiki, kuma dokar wace ƙasa za a bi idan an sami saɓani. Tana nan a rumbun takardunmu, ina roƙon kowa ya karanta ta.

Kukan da ya biyo baya na kayan aiki ne. Tun Oktoban 2022 Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da injinan ƙera su. Sin ta mayar da martani a 2023 da sa sharaɗin lasisi kan fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom, a Afrilun 2025 kuma ta ƙara da nau'i bakwai na ma'adinan nan masu wuyar tacewa, cikinsu har da gadoliniyom, wanda da shi ake haɗa ruwan allurar da ake yi wa maras lafiya kafin wasu hotunan MRI. Mai auna tururin nukiliya a ƙasa ko a ruwa ya san cewa sau da yawa zuciyar na'urarsa dunƙulen jamaniyom ne. Abin da membobinmu suka gani shi ne jinkiri da yawan takardu: ka yi odar ɗan ƙaramin sashe, a turo maka fom ana tambayar me za ka yi da shi, wa zai taɓa shi, da waɗanne ƙasashe kake hulɗa. Mun taya mutane cike irin waɗannan fom, mun kuma fara haɗa jerin na'urorin da membobi ke da su domin a riƙa aro da musaya.

Laccar wata-wata ba ta tsaya ba, kuma wadda ta fi ɗaukar zafi ita ce ta batun CERN, cibiyar Turai ta binciken ƙananan ƙwayoyin zarra. Wannan cibiya da ke kan iyakar Switzalan da Faransa an kafa ta ne a 1954 domin ta haɗa ƙasashen Turai da suka gama yaƙar juna, kuma ko a zamanin yaƙin cacar baka masana daga Tarayyar Sobiyet sun yi aiki a cikinta. Amma saboda yaƙin Yukiren ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Rasha a ƙarshen Nuwamban 2024. Zaurenmu ya rabu biyu. Wasu suka ce ba zai yiwu gwamnati ta riƙa ruwan bama-bamai a kan jami'o'in maƙwabciyarta, sannan cibiyoyinta su zauna a teburi ɗaya da kowa kamar ba abin da ya faru. Wasu suka ce wanda aka kora ai ɗalibi ne da malaminsa, ba janar ba. Aka kawo misalin ITER, babban injin gwajin makamashi da ake ginawa a kudancin Faransa, inda Rasha da Amurka da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai har yanzu suke tare. Aka kawo na SESAME, cibiyar binciken kimiyya ta haɗin gwiwa a Jodan, da aka buɗe a 2017, wadda Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Masar da Turkiyya da Pakistan duk membobinta ne.

Ba mu kaɗa ƙuri'a ba, amma ni ba zan ɓoye ra'ayina ba. Ina tare da masu cewa a bar ƙofar a buɗe. Cutar agana da aka sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 1980, Tarayyar Sobiyet ce ta kawo shawarar yaƙarta a 1958, Amurka ta shigo da ƙarfinta, alhali makaman ƙasashen biyu suna saitin juna. Abin da ke damuna da halin yau shi ne ba a cika rufe ƙofa da ƙara ba, a hankali ake tura ta. Dubi yarjejeniyar kimiyya da fasaha da Jimmy Carter na Amurka da Deng Xiaoping na Sin suka sa wa hannu a 1979. An sabunta ta a Disamban 2024 bayan dogon ja-in-ja, amma an taƙaita ta ga binciken tushe kawai, an cire fasahohin da kowane ɓangare ke ganin sun shafi tsaronsa. A takarda tana da rai. Manazarcin da ke wata ƙasa ta uku, mai abokan aiki a ɓangarorin biyu, shi ake bari da tunanin wanda zai saki.

A fannin fassara, mun fitar da bayani da Hausa a kan yarjejeniyar tunkarar annoba da ƙasashe suka amince da ita a watan Mayu. Mun fi ba da ƙarfi ga sashen da aka bari ba a kammala ba, wato yadda ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta za ta sami rabonta na rigakafi da magani. Ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron na ƙwayar cutar korona suka sanar da duniya cikin gaggawa, aka saka musu da hana jiragensu sauka.

Akwai inda muka gaza. Taron ido da ido da muka yi muku alkawari bai yiwu ba, domin da yawa daga cikin waɗanda za su gabatar da takarda ba su sami biza a kan lokaci ba, mu kuma mun makara wajen neman wata mafita. Laifin jinkirin namu ne a kwamiti, muna ba ku haƙuri. Haka nan shirin haɗa matasa da manyan malamai masu ja musu gora ya yi rauni, saboda teburin shawara ya janye mutanen da ke riƙe da shi.

Kwamiti zai kawo shawarwari biyu gaban babban taro. Ta farko, a mayar da teburin shawara sashe na dindindin, a nemo lauya mai sanin dokokin fitar da kaya da zai riƙa duba mana takardu. Ta biyu, a ware wani kaso daga kuɗin membobi a matsayin asusun gaggawa, domin ceto samfura da bayanai da ɗaliban da tallafinsu ya yanke ba zato. Duk mai gyara ko ƙari a kan waɗannan, ya aiko wa sakatariya a rubuce kafin ranar taro, domin a saka shi cikin ajanda.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa