Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga 'yan ƙungiya: kunkurun teku da kififiyar Binuwai

Assalamu alaikum iyayenmu, shugaba, sarakunan ruwa da sauran 'yan uwa na Garwa da kewaye. Ga bayanin abin da aka yi da kuɗinku da guminku a wannan shekara, daga hannun magatakarda.

Kwasar leda da tsofaffin taru a bakin gada ta gudana kamar kullum, matasa sun fito, Allah ya saka da alheri. Zagayen makarantu kuwa bai kai yadda muka so ba, saboda rashin abin hawa. Littafin kuɗi yana wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.

Abin da ya fi cin kuɗi, ya kuma fi jawo magana, shi ne tafiyar mutum biyu zuwa bakin teku a farkon shekara. Wasu sun ce, mu da muke da Binuwai, ina ruwanmu da teku? Tunda ina cikin waɗanda aka tura, amsar tana wuyana.

Mun hau mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, muka sauka Kiribi, sannan muka gangara kudu kimanin kilomita 50 zuwa ƙauyen Eboje, inda masunta suka daɗe suna gadin kunkurun teku. A can muka ga wani masunci ya kawo ƙaramin koren kunkuru da ya sarƙe a tarunsa, da ransa. Aka auna bayansa, aka rubuta, aka kai shi bakin ruwa. Da igiyar ruwa ta taɓa shi sai ya buga hannayensa masu kama da filafili, ko waiwaye babu. Ni dai na yi ta neman koren a jikinsa ban gani ba. Ashe kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon bayansa ne kore, domin idan ya girma ciyawar teku da gansakuka ne abincinsa.

Babbansa yana kai mita ɗaya, nauyi ya haura kilo 100. Macen takan shekara 20 ko fiye kafin ta fara ƙwai, kuma idan lokaci ya yi sai ta koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ko da tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Da dare take fitowa, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu su fito. Zafin yashi ne ke raba mace da namiji: idan ya wuce digiri 29, mata sun fi yawa. A duk Afirka babu inda suke ƙwai da yawa kamar tsibirin Poilão na Gine Bisau. Gaɓarmu ta Kamaru galibi wurin kiwon ƙanana ce.

A watan Oktoba, hukumar IUCN mai lura da kare halittu a duniya ta cire koren kunkuru daga jerin halittun da ke cikin haɗarin ɓacewa, bayan yawansa a duniya ya ƙaru da kusan kashi 28 cikin 100 daga shekarun 1970. Ba wani sihiri aka yi ba. An hana kwasar ƙwai, an yi gadin yashi da dare, an gyara tarun manyan jiragen kamun kifi. Ku lura da lissafin: ƙwan da aka tsare bana, sai bayan shekara 20 ko 30 za a ga 'yarsa ta dawo. Da yawa daga waɗanda suka fara wannan gadi sun tsufa kafin su ga amfaninsa. Wannan muka je koyo, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Tamu kififiyar mai laushin baya ita ma a yashi take binne ƙwanta, idan ruwa ya janye. Iyayenmu masunta na Lagdo da Pitowa duk bakinsu ɗaya, cewa manyan da suka saba gani a ƙuruciyarsu sun yi wuya. Akwai ma wata babbar irinta da a dā ake samu daga Gana har Sudan, wadda masana suka yi shekaru ba su gani ba, sai a 2017 aka same ta a Farin Nilu, a Sudan ta Kudu.

Da muka dawo sai muka fara zagayen yashi da asuba muna bin sawu. A nan muka yi kuskure, kuma ni na kawo shawarar. Duk ramin da muka gano sai mu kafa masa kara, mu ɗaura ƙyalle. Wata safiya muka iske karan a kwance, ramin a tone da hannu, ba ko ɓawo. Da guza ne ya ci, da ya bar ɓawon a warwatse. Alamarmu ce ta nuna wa mai kwasa hanya. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Wani dattijo cikin sarakunan ruwa ya ce mini, "Ɗana, abin da uwa ta ɓoye, kai ne za ka sa masa tuta?" Tun daga nan muka daina. Yanzu sai mu share sawun da reshe, mu ƙirga taku daga wata bishiya, mu rubuta a littafi.

Maganar mamari, wato doguwar igiyar kamun kifi mai ƙugiyoyi da yawa, ta fi wuya. Kififiya tana haɗiye ƙugiya, ga namanta da kasuwa, kuma ba za ka ce wa mai iyali ya saki abin da zai sayar ya ci tuwo ba, kai kuma hannunka wayam. Wasu sun saki don girman sarkin ruwa, amma kunya ba za ta riƙe aikin ba har abada. Kwamiti yana ba da shawarar a ware wani kaso na kuɗin wata, a riƙa biyan ƙugiya da igiya ga duk wanda ya kawo ta da rai.

Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan a taro mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar. Muna kuma neman masu kwalekwale da za su karɓi zagayen asuba da zarar yashi ya bayyana, a ba da suna wurin ma'aji.

Wassalam.
Magatakarda