Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Gandun Daji da Namun Daji na Kamaru: a bar kututture ya tofo a dajin Binuwai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne mazaunin Garwa, da rani kuma ina fataucin masara da gyaɗa, saboda haka na sha bin hanyar Ngaundare, wadda ta ratsa ta gefen yammacin gandun dajin Binuwai. Abin da ido ya gani na kawo maka.

Tun 1932 aka keɓe wannan daji, a 1968 ya zama gandun ƙasa mai faɗin hekta 180,000, a 1981 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da su. Duk wannan kana da shi a ofis. Abin da takarda ba za ta nuna maka ba shi ne kamannin gonar da aka tashi mai ita, a bakin gandun ko a hanyoyin da namun daji ke bi su tsallaka titi. An sare doka da marke, an yi auduga da masara shekara uku ko huɗu, ƙasa ta gaji. Yanzu sai tofa da ƙaiƙayi, ruwan Agusta kuma yana yanka kwazazzabai yana kwashe ƙasar zuwa kogi.

Na ji ana maganar dasa itatuwa a irin waɗannan wurare. Ranka ya daɗe, a yi hattara. Na taɓa halartar wani bikin dashe da wata ƙungiya ta shirya, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an jera dalbejiya da itacen turare. Da na koma bayan damina biyu ban tarar da komai ba sai ramuka. Ko da sun rayu ma, me gwanki ko ɓauna za su yi da turare? Dalbejiya ta yi mana rana a titunan Garwa da Marwa, ba mai musu, amma baƙuwa ce, tsuntsaye da jemagu na yaɗa 'ya'yanta, idan ta kama wuri sai ta danne na gida.

Alhali dajin bai mutu ba, yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Duk manomin da ya taɓa sassabe ya san kututturen kalgo da taura da baushe da doka ba sa mutuwa da sara ɗaya. Kowace bazara sai sun tofo, mu kuma mu sake sarewa. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba ta jiran mai ban ruwa. 'Yan uwanmu na Maraɗi a Nijar sun gane haka tun wajajen 1984: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a kare su. Suna ce masa sassaben zamani, kuma da shi miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa. Idan ya yiwu a can inda ruwan sama bai kai rabin namu ba, me zai hana a nan? Dashe a ajiye shi don inda aka tumɓuke komai da garmar shanu, can ma a sa maɗaci da kawo da ɗorawa da kaɗanya, irin na wurin.

Sai dai toho yana da abokan gaba biyu. Na farko wuta. Ƙunar da aka yi a Nuwamba ko farkon Disamba, gamba na da sauran danshi, lasa kawai take yi ta wuce. Ta Fabrairu da Maris kuwa, ga iska ga ciyawa ta bushe ƙamas, ba ta barin ƙaramin itace. Tsohuwar gona tana bukatar shekaru ba wuta ko kaɗan, a share mata hanyar tare wuta kewaye. Na biyu shanu, da sassaken kawo da madobiya da makiyaya ke yi musu idan ciyawa ta ƙare. Ba na zagin makiyayi. Burtalin da gona ta cinye shi ya tura shi daji.

Haka shi ma manomin. Da yawa daga yankin Arewa Mai Nisa, can wajen Marwa, suka gangaro, wasu tun lokacin da gwamnati da kanta ta buɗe ƙasar Binuwai ga baƙi, kafin a gama madatsar Lagdo a 1982, wasu kuma fari da rashin tsaro suka koro su daga baya. Wanda aka tasa ba a nuna masa inda zai kafa fartanya ba, gobe zai dawo, ko ya koma gawayi, ko haƙar zinariya a bakin kogi. Buhunan gawayin da ke jere a gefen titi su ne shaida.

Roƙona, a zauna da lamiɓe da jaurawa, wato sarakuna da masu ƙauyuka, a shata iyaka a fili, kowa ya gani. A ɗauki mutanen ƙauyukan nan aikin gyaran toho da share hanyar wuta, a biya su a hannu, su ne suka san kowane kututture. Ɗaliban makarantar namun daji ta Garwa kuma su riƙa zuwa duk shekara suna ƙirga abin da ya rayu, domin abin da aka dasa kowa ya iya ƙirga shi ranar biki.

Karkandan yankin nan ya ƙare muna kallo, a 2011 aka tabbatar babu saura. Doka da marke kuwa suna nan da ransu. Idan Allah ya kawo ka Garwa, ka zo a watan Mayu bayan ruwan farko, ka sa a tsaya da mota a kowace tsohuwar gona, ka sauka ka duba gindin kututture.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani manomi daga Garwa