Abin da ke kusa da ɗalibi shi yake ci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan cimar ɗaliban manyan makarantun Zariya, daga Samaru har Kongo.

Ana yawan cewa yaran nan kwaɗayi gare su, ba su san komai ba sai indomi da lemon kwalba. Ba nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya shiga lacca tun sassafe, ya fito da ratar minti 20, abin da ya tarar a bakin aji shi zai saya: biskit, cincin, lemo. Bayan goman dare kuwa mai shayi kaɗai ke ido biyu. Girkin wake a kan risho yakan ci fiye da awa ɗaya, ga tsadar kananzir da gas, indomi kuma minti biyar ta nuna.

Illar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin gram 50 a yini, gishiri kuma ya gaza gram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya. Babbar robar lemo guda, mai rabin lita, ta kusa cinye kason sukarin nan gaba ɗaya.

Sai shinkafar kula, wadda ta fi damun mu. In an dafa ta da hantsi, ta huce a kula har la'asar, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinta su bar guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Daga nan sai amai da gudawa. Dafaffen abinci ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a ci shi cikin awa biyu.

Muna roƙon hukumomin makarantu su ba masu kankana, ayaba, gyaɗa, ƙosai da dafaffen ƙwai rumfa dab da azuzuwa, a kuɗin haya mai sauƙi. A sa famfon ruwan sha mai tsabta a kowace tsangaya. A riƙa zagaya masu abinci da ma'aunin zafi, a kuma ba su damar sayar da rabin faranti.

Ɗalibai kuma su jiƙa wake tun dare, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. In ma indomin ce, a zuba rabin sinadarin, a yanka kabeji da albasa, a fasa ƙwai.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Samaru, Zariya