A koya wa ɗalibanmu rubuta takardar neman gurbin karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana malamai da iyaye kan wata 'yar takarda da ke jawo wa yaranmu asarar gurbin karatu, alhali sakamakon jarrabawarsu ba shi da aibu.

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Jos, kuma duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu, tsofaffin ɗalibaina kan kawo mini takardunsu in duba. A nan gida JAMB ba ta tambayar yaro dalilin da ya sa yake son kwas ɗin da ya cike, maki ne ke magana. Amma da zarar ya nufi waje, ko ya nemi tallafin Chevening na Birtaniya ko DAAD na Jamus, sai a ce ya rubuta ko shi wane ne, me ya ja shi zuwa wannan fanni, kuma me zai yi da ilimin. Filin da ake bayarwa kaɗan ne. UCAS, wadda ake bi ta hannunta a shiga jami'o'in Birtaniya, haruffa 4,000 ta yarda da su, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Common App kuwa, wadda ake bi ta hannunta a nemi jami'o'in Amurka da dama, kalmomi 650 ne iyakarta.

Yaranmu sai su ƙarar da rabin wurin a gaisuwa da kirarin jami'ar, sauran rabin kuma a kukan talauci da "tun ina ƙarami nake burin taimakon al'umma". Ban cika ganin laifinsu ba. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka yaro yana jin nauyin faɗin abin da ya yi. To amma bayyana aikin da ka yi da hannunka ba fariya ba ce, kuma shi ne abin da mai tantancewa yake nema cikin tulin takardun da ke gabansa.

Wata ɗalibata daga wajen Bokkos ta kawo mini shafi biyu tana neman karatun aikin gona, babu ko kalmar dankali a ciki. Na ajiye takardar na tambaye ta abin da take yi in an yi hutu. Ashe tun da cutar da ke baƙanta ganyen dankalin turawa da damina ta cinye gonar mahaifinta, take riƙe da wani ɗan littafi mai bangon leda, tana rubuta ranar da aka yi feshi, da irin da ya jure, da wanda ya ruɓe tun kafin a kai shi kasuwa. Na ce me ya hana ta sa wannan? Ta ce, "Malam, ai wannan ba abin faɗa wa Turawa ba ne." Da wannan littafin muka buɗe takardar, muka zubar da sauran, ta dawo ƙasa da shafi ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shagunan kwamfuta da ke karɓar kuɗi su kwafo wa yara takarda daga intanet, ko su sa manhaja ta rubuta, a canza suna kawai. Jami'o'in wajen suna da hanyar gano kwafe, kuma in an kira yaro hira ba zai iya kare abin da bai rubuta ba.

Mu malamai ma da namu. WAEC tana son insha'in da bai gaza kalmomi 450 ba, saboda haka shekara da shekaru muna horar da yara yadda za su ja magana ta yi tsawo, ba mu koya musu rage ta. Ina roƙon malaman aji shida su ware ko darasi ɗaya a zango: yaro ya rubuta shafi biyu a kan kansa, sannan a sa shi ya mayar da shi rabin shafi ba tare da ya yar da gundarin maganar ba. Iyaye kuma, maimakon biyan mai shago, ku tura yaro wurin malaminsa da abin da ya rubuta da kansa, tun da sauran makonni kafin a rufe karɓa.

Na gode.

Malamin Turanci,
Anguwan Rogo, Jos