Ina Irin Shinkafa Mai Jure Ambaliya Ya Maƙale?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin aikin gona kan doguwar hanyar da sabon iri yake bi daga hannun masu bincike zuwa gonar talaka, da kuma inda yake maƙalewa.

A shekarar 2017 aka amince da fitar da FARO 66 da FARO 67, nau'o'in shinkafa da cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, AfricaRice, ta samar tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja. Ko ruwa ya shanye shukarsu baki ɗaya har kusan mako biyu, tana iya farfaɗowa idan ya janye. Duk da haka, lokacin da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, da yawa daga manoman da nake hulɗa da su ko sunan wannan iri ba su taɓa ji ba. Ban ce zai ceci kowace gona ba, domin a wasu wurare ruwan ya daɗe ƙwarai, amma da an rage hasara.

Abin da mai bincike yake fitarwa ɗan kaɗan ne. Sai an ninka shi a gonakin gwaji, sannan kamfanonin iri su sake ninkawa ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, kafin ya kai shagon dillali a Jega ko Kamba, kuma kowane mataki yana cin kakar noma guda. A nan gizo yake saƙar: kamfani ba zai ninka irin da bai tabbatar da mai sayensa ba, dillali ba zai ajiye abin da ba a tambaya ba, shi kuma manomi ba zai tambayi abin da idonsa bai gani a gona ba. Kada a zarge shi da taurin kai. Wanda aka taɓa sayar masa da shanshera ta kasuwa cikin buhu mai tambari da sunan ingantaccen iri, ya ga shukar ta fito wata doguwa wata gajeruwa, wata ta nuna wata tana ɗanya, dole ya riƙe irin da ya ɓoye a rumbunsa.

FARO 44, tsohon nau'in shinkafa da manoma suka saba da shi, ta karɓu ne saboda tana nuna da wuri, kuma masu casa suna son doguwar ƙwayarta. Bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, da buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, manomi ya san inda zai kai kayansa. Sabon iri ma yana bukatar irin wannan tabbaci.

Saboda haka ina kira ga hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kebbi, KARDA, da ta kafa gonakin nuni a cikin fadamun da ruwa yake ci kowace shekara, kamar na Suru da Bagudo, a riƙa sayar da irin a ƙananan ledoji da mai ƙaramin ƙarfi zai iya gwadawa a kadada ko rabinta. Kamfanonin casa kuma su fito su faɗi tun kafin faɗuwar damina ko za su sayi wannan shinkafa, da farashin da za su biya.

Naku,
Wani manomin shinkafa,
Argungu, Jihar Kebbi.