Kafin mai keken guragu ya biya kuɗin jirgin ruwa, a auna masa ƙofa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya fara shigo mana nan Bauchi ta waya, wato tallan yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta mai suna Aroya daga tashar Jiddah a Disambar 2024 mutanenmu suka fara sha'awar abin, ka buɗe Facebook ko TikTok sai ka ci karo da bidiyo, ga wurin cin abinci ga wurin wasan yara ga Bahar Maliya iya ganinka, har ana cewa mutum ya gama Umra ya wuce ya ɗan huta da iyali a kan ruwa. To ba laifi, mai hali ya je. Amma ni shan inna ta kama ni tun ina yaro, a kan keke nake rayuwata, kuma a duk tallan nan ban ji wanda ya ce uffan game da irina ba, ko game da tsohuwar da ɗanta ya kai Umra a keke yake kuma son ya faranta mata.

Na tambayi wani ejan na tafiye-tafiye a cikin gari ko mai keke zai iya wannan tafiya, sai ya ce haba Malam ai ba matsala, akwai lif, in ma an zo wurin da ya gagara ma'aikata za su ɗauke ka. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma wallahi wannan amsar ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, don ita ake ba mu a banki, ita ake ba mu a otal, ita ake ba mu a wurin ɗaurin aure. Magidanci mai iyali, ko mace mai mutuncinta, a ce duk sanda za ta shiga banɗaki cikin dare sai an kira ƙarti biyu sun ciccibe ta, kuma ta biya miliyoyi don a yi mata hakan? Abin da ya kamata ejan ya sani shi ne faɗin ƙofa, da inci.

Ga yadda abin yake. Ɗakin kwana na gama-gari a jirgin ruwa matsattse ne sosai don kowane taku kuɗi ne a wurin kamfani, ƙofarsa a jirage da yawa tana tsakanin inci 23 zuwa 26 ne kawai, shi kuwa keken babban mutum yakan kai wajen inci 25 zuwa 27, ka ga ke nan tun a bakin ƙofa magana ta ƙare. In ma ka naɗe keken ka shiga da rarrafe, banɗakin yana da tudu a dokin ƙofarsa da sai ka ɗaga ƙafa, an yi shi ne saboda bututu da kuma kar ruwa ya malalo ɗaki in jirgi yana tangal-tangal, wurin wankan kuma ɗan akurki ne da mutum ɗaya ke tsayawa a tsaye. Ɗakin da aka tsara don mai keke daban yake, ƙofa aƙalla inci 32, fili a tsakar ɗaki da keke zai juya wanda ƙa'idar Amurka ta sa ƙafa 5, banɗaki babu tudu, keke na shiga har ƙarƙashin shawa, ga ƙarfen riƙewa a bango kusa da masai, ga benci mai naɗewa na zama a yi wanka, wurin wanke hannu an bar rami a ƙasansa don gwiwa ta shiga, wurin rataye kaya an sauko da shi. Mu musulmi wannan benci da shawar hannu ba ƙaramin abu ba ne fa, da su mutum zai yi tsarki da alwala sau biyar a rana ba tare da ya nemi kowa ba.

Sannan 'yan uwana masu keke mai taya uku, irin wanda ake murzawa da hannu da muka saba da shi a nan arewa, gaskiya wannan bai dace da cikin jirgi ba, ya yi tsawo, ba ya naɗewa, juyawa a lif ko a lungun ɗakuna zai yi wuya, kuma ba a yarda a bar keke a hanyar wucewa ba don nan ce hanyar gudu in wani abu ya faru, dole ya kwana da kai a ɗaki. Sai a nemi mai naɗewa tun daga gida.

Kar kuma a ɗauka kamfanonin nan tausayi ne ya sa suka gina waɗannan ɗakuna. Amurka ta yi dokar kare haƙƙin nakasassu a 1990, amma manyan jiragen yawon nan galibi rajistarsu a Bahamas ko Panama ko Malta take, sai kamfanoni suka ce ai tutar wata ƙasa ce a jikin jirginmu dokar ba ta hau kanmu ba. Wasu masu keke da suka hau jiragen kamfanin Norwegian Cruise Line daga Houston suka kai ƙara, cikinsu akwai Douglas Spector wanda da sunansa aka san shari'ar, suka ce an caje su kuɗi fiye da sauran mutane kuma kayan ceton rai ma an ajiye inda ba za su iya isa ba. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar ta hau kan jiragen da ke aiki a ruwan ƙasar ko da tutar waje ce, sai dai gyaran da zai ci karo da ƙa'idar tsaron jirgi ta duniya. A 2015 kuma kamfanin Carnival ya sasanta da ma'aikatar shari'ar Amurka, ya amince ya biya tarar dala 55,000 da diyyar dala 350,000, kuma kashi 3 cikin 100 na ɗakunan jiragen da yarjejeniyar ta shafa su zama na masu buƙata ta musamman. Tarayyar Turai ita ma tana da dokarta ta 2010 da ta hana a ƙi sayar wa nakasasshe tikitin jirgin ruwa don nakasarsa ko a ƙara masa kuɗi, sai in akwai dalilin tsaro ko ginin jirgin ba zai yiwu ba, shi kuma ana son ya sanar da buƙatarsa awa 48 kafin tafiya. Masu keke irina ne suka tsaya a kotu shekara da shekaru kafin a samu wannan.

Kashi 3 cikin 100 ɗin nan a lura da shi, ɗakunan kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri, shi ya sa mai keke sai ya kama ɗaki watanni kafin tafiya. Kuma ina roƙon masu lafiyar ƙafa da ejan-ejan da su ji tsoron Allah, kar a ga ɗakin ya fi faɗi a kama wa Alhaji don ya sake. Kai ka samu ƙarin fili ne kawai, wani kuwa tafiyar gaba ɗaya ka hana shi.

Ɗaki kuma rabin magana ne, ai ba kwanciya aka je yi ba. Jiragen nan gari guda ne, Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa ya kai mita 365 da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, daga ɗakinka zuwa wurin cin abinci tafiya ce mai nisa a kan kafet mai kauri da ke cinye ƙarfin hannu. Lif akwai, amma lokacin cin abinci ko ranar sauka sai ya zo a cike da masu iya hawa matakala, mai keke na zaune yana kallo yana wucewa. Wurin ɗibar abinci da kanka, in teburin ya yi tsawo ba ka ganin abin da ke cikin kwano balle ka riƙe faranti kana tura keke. Zauren kallo sau da yawa can baya ake ware mana wuri, iyalinka na gaba kai kana baya. Kwamin ninƙaya sai in yana da kujerar nan mai sauke mutum cikin ruwa. Ƙofofin fita sararin sama na jirgi kuma masu nauyi ne, wasu da tudu a ƙasa don tare ruwan teku, sababbin jirage sun fi sa masu buɗe kansu, tsofaffi kam sai an bincika. In jirgin yana da wurin sallah a tambaya wane hawa yake, kuma keke na isa wurin alwala ko a'a.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne sauka a garuruwan da ake yada zango. Ba kowace tasha ce babban jirgi ke iya matsawa gaɓa ba, wani wurin can cikin ruwa yake tsayawa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage, to shiga ƙaramin jirgin nan akwai matakala kuma igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa, kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara cewa wanda ba zai iya taka ƙafarsa ba ƙila ba zai sauka ba, kuma kyaftin ne ke da maganar ƙarshe. Ka biya kuɗin ganin gari huɗu ka ga biyu, sauran ka hango ta taga. Ko inda ake matsawa gaɓa ma, gadar sauka takan yi gangara sosai in ruwa ya cika ko ya janye, kuma motar da za ta kai ku yawo cikin gari ba lallai tana ɗaukar keke ba.

Sai maganar rai. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012 inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara ƙa'ida cewa a nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. In gobara ta tashi ba a shiga lif, don haka mai keke dole sunansa ya shiga jerin waɗanda aka ware wa ma'aikatan da za su zo su sauko da shi, shi ya sa ake son a cike fom ɗin buƙata ta musamman, wato takardar da ke sanar da kamfani irin taimakon da fasinja yake buƙata, tun wurin sayen tikiti. Ejan da bai san da fom ɗin nan ba bai kamata ya karɓi kuɗin mai keke ba.

Malam Edita, mu ma fa muna da doka. Marigayi shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, ta ambaci tashoshin ruwa da na jirgin ƙasa da na sama, akwai tarar naira miliyan 1 ga kamfani da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya in ya nuna bambanci, har hukumar nakasassu ta ƙasa aka kafa a 2020. Amma makon jiya na je wani sabon otal a garin nan wurin taro, matakala a bakin ƙofa, banɗaki ko kusa keke bai shiga. Jirgin da ke kan teku yana rawa, kowane inci da lissafi, an samar masa ƙofa mai inci 32, shi kuwa gini a kan ƙasa mai fili har da wurin ajiye mota hamsin an kasa, wannan abin na min ciwo ƙwarai.

Roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinku wurin masu sayar da tikitin nan a Bauchi da Gombe da Kano ya yi musu tambayoyin nan a buga amsarsu, inci nawa ne ƙofar ɗaki da ta banɗaki, akwai tudu ko babu, tashoshi nawa ne ake sauka da ƙaramin jirgi, wa ke cike fom ɗin buƙata ta musamman, kuma in aka isa Jiddah aka tarar ɗakin ba shi aka yi alkawari ba wa zai mayar da kuɗi. Duk mai keken da zai biya kuma ya ce a rubuta masa lambar ɗakin da nau'insa a jikin rasit kafin ya tura ko sisi.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai karanta jaridarku, daga unguwar Yelwa, Bauchi