Rahoton Ayyukan Shekara: Zanen Gadar Masu Tafiya a Ƙasa da Wurin Shaƙatawa a Dam ɗin Kubanni

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban zanen gine-gine ta sa a gaba a bana shi ne tsara gadar masu tafiya a ƙasa da wurin shaƙatawa a bakin dam ɗin Kubanni da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya. Shawara ce muke shiryawa domin miƙa wa hukumar jami'a, ba kwangila ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokacin kwamitin zane shi ne amfanin dam ɗin kansa, domin daga nan ake tace ruwan da jama'ar jami'a ke sha, ga kuma laka da zaizayar ƙasa ke zubawa a cikinsa duk damina. Saboda haka aka janye rumfuna, wurin sayar da abinci da banɗaki nesa da gaɓa, aka bar zirin ciyawa da itatuwa irin su maɗaci da tsamiya a tsakani, domin su riƙe ƙasa su kuma tare shara. Wasu mambobi sun so a sa kwalekwale mai inji da wurin ninƙaya, amma kwamiti bai amince ba, saboda man inji yana gurɓata ruwa, ruwa kwantacce mai dodon koɗi kuma yana iya yaɗa tsargiya. A ganinmu wannan hukunci daidai ne, ko da ya rage wa zanen armashi.

Game da gadar, an yi lissafin daɓenta a kan nauyin kilo 500 a kowace murabba'in mita, kamar yadda ƙa'idojin injiniyoyi suka tanada ga gadar da jama'a kan cika, kuma an ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. An fara da zanen gada mai rataye da igiyoyin ƙarfe, wadda ta burge kowa a takarda, sai injiniyoyin cikinmu suka tuna mana da Gadar Millennium ta Landan, wadda aka buɗe a watan Yunin 2000 aka rufe bayan kwana biyu saboda takun jama'a yana sa ta lilo, ba a sake buɗe ta ba sai 2002. Daga nan aka koma ga ginshiƙan kankare da gangar jiki ta ƙarfe, waɗanda maginanmu na gida suka saba da su. An bar katako saboda gara. Maimakon matakala an yi gangare wanda tashinsa bai wuce mita 1 a cikin mita 12 ba, domin masu keken guragu.

Aikin da ya rage shi ne gwajin ƙasar da ginshiƙan za su zauna a kai, wanda sai da rani zai yiwu, daga nan kuma a fitar da ƙiyasin kuɗi. Muna roƙon waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su biya kafin babban taro, domin da shi za a yi gwajin.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya